Nomau da Amyoyin Kawu Mato

A ƙauyen Gidan Ɗorawa akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mugu ba ne, sai dai magana yadda ta fito daga baki haka take shiga kansa, ba ta juyawa ko kaɗan. Gonarsa ruwa ya cinye ta, ga matarsa Lantana da 'ya'ya uku. Kawunsa Mato, wanda idonsa ya fara hazo, yana da amya bakwai na zuma a kan itatuwa. Ya ce in Nomau ya koyi sana'ar kafin ɗiban zuma, nasa ne. In ya kasa, a ba wani.

Wata rana Kawu ya ce, "Gobe ka zo da shiri, zuma na harbi." Nomau ya zo ba riga, ya ɗaure murfin tukunya a ƙirji, ga layar bindiga da ya aro. Ƙudan zuma guda ya sauka a kan hancinsa, ya yi aikinsa. Nomau ya dafe hanci ya ce, "Kawu, ni fa ban ji ƙarar bindigar ba."

Kawu ya laluba hancin ya ce, "Ta bar maka ƙari."

"Allah ya saka mata, na farkon ma ya ishe ni."

"Ƙarin harbi nake nufi, shashasha! Kankare shi da farce, kada ka matsa."

Kawu ya tafi masallaci. Nomau ya kankare, ya kuma tsaya ƙyam a gindin amya, bai matsa ko taku ɗaya ba har la'asar. Da ya koma gida, sai da ya yi magana Lantana ta gane mijinta ne.

Wata rana kuma Kawu ya ce, "Akwai rina, ta fi zuma mugunta. Duk inda ka ji an ce rina, ka sa hayaƙi." Da Nomau ya shiga gida ya ji Lantana na cewa za ta rina zanenta. Ya kunna tsumma da busasshen kashin shanu ya tura mata ɗaki. Ta fito tana tari tana kiran sunan iyayenta, kwana biyu ba ta ɗora masa tukunya ba.

Ranar ɗiban zuma Kawu ya riga ya fid da rai. Ya ɗaura igiya zai hau doguwar bishiyar ƙirya da kansa, da idon nan nasa. Ya miƙa wa Nomau bakin wuta ya ce, "Hau ka fara yi musu sallama." Hayaƙi yake nufi. Nomau ya ajiye wutar, ya hau, ya kafa baki a ƙofar amya ya ce, "Salamu alaikum!"

Ya sauko da sauri yana riƙe da wuya.

"Sun amsa?" in ji Kawu cikin takaici.

"Guda ɗaya ce ta amsa, Kawu, amma sau huɗu."

Nan take Kawu ya gane. Zuma sau ɗaya take harbi ta mutu. Rina ce ta kori zuma ta tare a ciki, kuma da shi ya hau ya zura hannu, da daga can sama zai faɗo.

Kawu ya kwance igiyar ya miƙa wa Nomau. "Daga yau amyoyin nan suna wuyanka."

Nomau ya shafa wuyan ya ce, "To Kawu, a bari kumburin ya sauka tukuna."