Rigar Nutso a Barandar Madam Su'ad

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ranar da na tarar ana yi mini addu'ar mamaci a ƙofar gidanmu a unguwar Mohandessin.

Abokan aikina ne suka ja ni nutso a Bahar Maliya. Da sanyi ya shigo, suka ce sai na sayi rigar da ruwa ba ya ratsawa. A wani shago a unguwar Ma'adi, mai shagon, Ammu Magdi, ya shimfiɗa mini biyu. Ɗaya sirirya ce kamar rigar ruwan sama, ya ce tana da ƙarko kuma kafin la'asar ta bushe. Ɗayar baƙa ce mai kauri kamar soso, haɗe da takalmanta, ya ce akwai ɗumi, amma sai ta kwana uku tana ɗiga.

Ni kuwa a kantin yadi na tashi a Kano, inda kauri da nauyi ke nuna kaya. Na murza siririyar, na ɗaga ta ga haske, har na shinshina (kar ku tambaye ni dalili). Yadda ya nace mata ya sa na tabbata kwantai ce, ya ga baƙo zai liƙa masa. Na ɗauki mai kaurin ina jin na gama da shi.

Da muka dawo na ɗauraye ta, na rataye ta ta wuya a baranda, hawa na huɗu, takalmanta na reto. Mai gidan da nake haya, Madam Su'ad, dama ba ta yarda da ni ba, kuma a makon ne za ta yanke ko zan ci gaba da zama. Ta yi tafiya, na ce kafin ta dawo rigar ta bushe. Ba ta bushe ba.

Rana ta uku na taso daga aiki na ga titi cike, kowa ya ɗaga kai. Madam ta dawo, tana zaune a dakali ana yi mata fifita, mai gadi yana faɗa wa jama'a cewa marigayin ba ruwansa da kowa. Tausayi ya kama ni, na ce Allah ya jiƙansa, na tambayi wane ne. Mai gadi ya juyo, ya ja da baya.

"Ustaz, to wancan na sama fa?"

Na ɗaga kai na ga rigata tana reto kamar mutum ya rataye kansa. Na sauko da ita a kafaɗa, tana jiƙa mini wando, yara na yi mini tafi. Na so ƙasa ta tsage. Madam ta daɗe tana kallona, ta ce, "Khalas, shi ke nan, ka zauna. Amma wannan abokin naka ya bar mini gida yau."

Washegari na koma Ma'adi. Ammu Magdi ya ɗauko siririyar ya miƙo mini, ya tambaya ko zan sake shinshinawa. Tun daga nan, in mai kaya ya ce abu ba ya bushewa, sai in ce tamam, na yarda, in ajiye hancina.