Dakta Saura Ƙiris da Shaidar Ƙarshe

Allah Ya jiƙan abokina Dakta Saura Ƙiris. Ba a taɓa yin masanin tarihi kamarsa ba, kuma wannan ba ra'ayina ba ne, daga bakinsa na ji. Tun ranar da jami'a ta ɗauke shi karatun digiri na uku ya daina amsa sunan da mahaifiyarsa ta san shi da shi, sai Dakta. "Saura Ƙiris" ɗin mu muka ƙara masa, don shekara da shekaru in ka tambaye shi yaushe za a gama, amsarsa ke nan.

Ni tela ne, benci ɗaya muka zauna a firamare. A shagona yake shan shayi, ya ɗora ƙatuwar jakarsa a kan kekena, ya hana kowa magana sai da hujja. Ko a gida bai ɗaga ƙafa ba. Ranar da matarsa ta ce rufin ɗaki yana yoyo, ya dube ta ta saman gilashi ya ce, "Maman yara, mece ce madogararki?" Ta ɗauko littafinsa guda ta matse a gabansa, ruwa ya tsiyaye.

Bincikensa a kan yajin aikin da aka yi ne a tsohuwar masaƙa kafin a haife mu. Mutum ɗaya ya rage cikin waɗanda suka yi shi, Baba Mai Usur, wanda ya busa usur ɗin da ya tsayar da injuna. Farfesan da ke duba aikin ya faɗa masa ƙarara: ba shaidar Baba, ba digiri.

Ni na kai shi a babur. Ya kunna na'urar ɗaukar murya ya ce, "Baba, ba mu labarin safiyar nan."

"To, ɗana, ranar dai mun tashi da..."

"Dakata, Baba! Kafin mu shiga safiya, wajibi ne mu fahimci tattalin arzikin zamanin."

Ya fahimtar da Baba har la'asar. Haka muka yi ta komawa. Kullum a hanyar dawowa yakan buga kafaɗata ya ce, "Tela, tsohon nan rumbun ilimi ne. Duk abin da na faɗa ya yarda."

Ciwon da ya kama Dakta bai ɗauki kwanaki da yawa ba, ya rasu. Har yau in na haɗa shayi sai na tarar na ɗauko kofi biyu.

Da Farfesa ya zo ta'aziyya, ya ce jami'a takan ba mamaci digirinsa idan aikin ya tsaya da ƙafarsa, ko don iyali su sami abin ratayewa a bango. Sai mu kawo shaidar Baba. Ni da matar marigayin muka kai na'urar ofishinsa, aka kunna. Muryar abokina ta cika ɗakin, tana hawa tana sauka. Matar tana kuka tana dariya, ni kuwa na mai da fuskata wajen taga. Muka saurara har ƙarshe. Abin da aka samu daga Baba shi ne "haka ne", da "ashe?", sai wani wuri da ya yi minshari.

Farfesa ya share goshi ya ce, "Ai Baban yana raye. Mu je da kanmu."

Muka tarar da shi a ƙofar gida. Farfesa ya durƙusa ya ce, "Baba, me ya sa ka busa usur ɗin?"

Baba ya gyara murya, ya ɗaga yatsa ɗaya. "A mahangar masana, rikici ne tsakanin jari da ƙwadago."

"A'a, Baba, abin da kai ka gani da idonka."

"Da can na ɗauka don an kori ƙanina ne. Dakta ya ce wannan kuskure ne, ya gyara mini."

"To ba mu na kuskuren."

Baba ya sosa kai. "Wallahi ya shige mini, Farfesa. Nasa ya fi daɗin ji."

Farfesa ya mai da bironsa aljihu.

Digiri dai bai fito ba. Amma kada wani ya ce abokina ya bar jami'a hannu wofi. Ya yaye ɗalibi guda, kuma shi ne shaidar.