Ranar da Na Darje Bindigar Baba Lenad

Ba zan taɓa mantawa ba da yadda tsoro ya kama ni ranar da Anti Rabi ta ce min gidan da ta samo min aiki akwai bindigogi. Ba ɗaya ba, goma sha wani abu. Ni kuwa 'yata Hauwa tana da shekara biyu a lokacin, irin shekarun da yaro ke kai komai baki, kuma abin da ya sa nake son aikin shi ne maigidan ya yarda in riƙa zuwa da ita. Wane gida ne a Greensboro, garin Turawan nan da muke zaune, zai bar mai shara ta zo da goyo? Kwana uku ina juya maganar, ina ganin ɗan yatsanta a inda bai kamata ba.

Anti Rabi 'yar zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a garin nan, ita ce uwarmu mu sababbin zuwa. Ta ce min, "Ke 'yar Maraɗi, tsoro zai kashe ki. Tsoho ne shi kaɗai a unguwar Sedgefield, matarsa ta rasu. Ni na tsaya miki, na ce ba a taɓa samun mai tsabta irinki ba. Kar ki ba ni kunya."

Sunansa Mista Lenad, amma ban iya kiran mai furfura da sunansa gatsau ba, sai na riƙa ce masa Baba. Bindigoginsa suna cikin kabad mai gilashi, a kulle, makullin yana wuyansa. Duk tsofaffi ne, irin masu katako a ƙarƙashin bututu da ake ja baya a tura gaba, su yi ƙaras-ƙaras. Wata ta girmi kakata. Aikinsa ke nan tun da ya yi ritaya: ya sayo tsohuwa, ya duba lambobin jikinta ya gane shekarar da aka ƙera ta, ya shafa mata mai, ya zauna yana kallonta.

Makonni biyu na farko ko ɗakin da bindigogin suke ban shiga ba. In zan wuce ƙofar sai in ƙara ɗaure zanin goyo, in yi sauri kamar mai wuce maƙabarta. Baba ya lura. Wata ranar Litinin ya kira ni, ya ce in ajiye Hauwa a falo in zo. Ya ciro ɗaya, ya juya bakinta wajen bango, ya ja katakon baya, ya nuna min ramin da harsashi ke zama, ya sa ɗan yatsa a ciki don in ga ba komai. Harsasai, in ji shi, suna wani akwatin ƙarfe daban a gareji. Sannan ya murɗa wani abu, bindigar ta rabu biyu a hannunsa, bututu gefe, ƙota gefe. Ya miƙo min bututun. Turancina ba yawa, amma na gane: ƙarfe ne kawai da itace.

Na karɓa. Sai na ji ai nauyinsa bai wuce na taɓarya ƙarama ba. Tsoron ya sauka. (Da na sani, da na roƙi Allah ya bar min shi. Ashe shi ke tsaron bindigar nan daga gare ni.)

Don da tsoron ya tafi, sai idona ya fara ganin abin da ya saba gani. Datti. Bututun nan ya yi wani launi, ba baƙi ba, ba ja ba, kamar gindin tukunyar da aka yi shekara ba a wanke ba. Kusa da ƙarshensa har da wani wuri da ya koɗe kamar sawun hannu. Na ce a raina, Allah sarki, gidan da ba mace.

Baba ya ce ta mahaifinsa ce, kuma ranar Alhamis abokansa biyu za su zo su duba ta, masu tara irin waɗannan. Ya bar ta a rabe a kan tebur bisa wani tsumma, ya ja ƙofa.

To ku faɗa min, wace 'yar mutunci ce za ta ji baƙi na zuwa ganin kaya ta bar su da datti? Mu da aka tashe mu, in za a zo ganin ɗaki, sai kwano ya nuna fuskar mutum. Mahaifiyata da toka da lemun tsami take sa tukunya ta koma sabuwa. Kuma ga maganar Anti Rabi tana min yawo a kunne.

Ranar Alhamis da safe Baba ya fita sayen abin taɓawa. Hauwa ta yi barci. Na ɗauko bututun na kai kicin, na yanka lemun tsami uku, na ɗauko soson ƙarfe. Wallahi ban taɓa ganin datti mai saurin fita haka ba. Lemun na taɓawa, launin na narkewa, farin ƙarfe na fitowa tas. Har waƙa nake. Na fara daga wurin sawun hannun nan, don shi ya fi ba ni haushi. Na kai rabi ke nan Hauwa ta farka da kuka, ga ƙarar mota a waje. Na goge da sauri, na mayar, na rufe da tsumman.

Suka shigo su uku, Baba da wani dogo mai hula da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, da wata dattijuwa mai hular kaboyi. Na kai musu kofi. Maimakon in fita, sai na tsaya bakin ƙofa da goyona, ina jiran yabo. (E, yabo. Har na shirya yadda zan sunkuyar da kai in ce ba komai.)

Baba ya ɗaga tsumman.

Rabi fari fat yana walƙiya, rabi launin da. Dogon ya cire hularsa a hankali, irin yadda suke yi a jana'iza. Ni kuma da na ga haka, sai na ɗauka rabin da ya rage ne ya ɓata musu rai. Na matso, na haɗa ɗan Turancina, na ba su haƙuri, na ce yarinya ce ta tashi, in sun ba ni minti goma zan ƙarasa sauran.

Dattijuwar ta toshe bakinta da hannu. Baba ya zauna. Ya ce in kira Anti Rabi.

Na sa wayar a sifika. Ya yi mata bayani a hankali, ba faɗa. Sai muryarta ta cika ɗakin: "Ei! Ke! Me kika yi? Wannan ba datti ba ne! Ya ce da gangan maƙera ke rina ƙarfen don kar ya yi tsatsa, shekaru ne suka mayar da shi haka, kuma shi masu tarawa ke nema. Wurin da kika fara gogewa, nan babansa ke riƙewa in za shi farauta. Tafin hannun babansa kika wanke, 'yar nan!"

"Anti, lemun tsami ne kawai."

"Kawai! Bindiga ce ko tukunyar miyar uwarki?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige da goyona. Dogon ya duƙa da gilashinsa, ya ce lambobin suna rabin da ban kai ba, sun tsira. Kukan Hauwa ne ya cece su. Na tattara jakata na fita, ina hawaye tun daga Sedgefield har titin Gate City Boulevard. Na san aiki ya tafi, sunan Anti Rabi ma na zubar.

Ranar Litinin na koma don in mayar da makullin gida. Baba ya buɗe ƙofa, ya yafito ni. A jikin kabad ɗin an manna takarda da manyan baƙaƙe: KAR KI TAƁA. Rubutun Anti Rabi ne. Bindigar tana ciki a haɗe, rabin farin an shafe shi da mai. Ya ce ba zai sake rina ta ba, haka za ta zauna. Ban san ko yafiya ce ko hukunci ba, har yau ina gaishe ta da kunya in na zo share ɗakin.

Daga nan ya kai ni kicin, ya buɗe kabad na ƙasa. Tukwanen matarsa ne, tun rasuwarta ba wanda ya taɓa su, duk sun yi baƙi. Ya ɗora min lemun tsami uku a tafin hannu.

Shekarata ta uku ke nan a gidan. Sawun hannun babansa dai bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba.

Don Allah 'yan'uwana masu aiki a gidajen mutane, in kun ga tsohon abu ya yi muku kama da datti, ku tambayi mai shi kafin ku yanka lemun tsami.