Ido a Ɗakin Kaka

Tun da ta zame a banɗaki, Kaka ta kasa zama wuri ɗaya. Babban ɗanta ya ce ta zaɓa: ko a sa mata kyamara a ɗaki, ko ta tattara ta koma gidansa. Tana ta kai da kawowa tsakanin gado da taga, sai ga jikanta mai gyaran wuta da tsani a kafaɗa da kwali a hannu.

"Lafiya lau, tsohuwar matata. Ya ƙugun?"

"Ya fi naka ƙwari, mijin banza. Mene ne a kwalin?"

"Ido na kawo miki, tunda naki sun ƙare."

"Ɗan leƙen asiri! Ubanka ya turo ka."

"Wane asiri gare ki? Haƙoran da kike jiƙawa a kofi? Duk unguwa ta sani."

"Ka ma san abin da ake nufi, jahili? Asiri shi ne abin da mutum ya rufe, wurin Larabawa muka aro kalmar. Leƙe kuwa ubanka ya ƙirƙiro shi, tun bai iya ɗaura wando ba, ta ramin makulli, yana neman inda nake ɓoye sukari."

"To ke wa ya koya miki? Ba mai shiga gidan maƙwabta labulen nan bai motsa ba."

"Wannan kula da unguwa ne."

"Wannan ma kula da tsohuwa ne."

Ta zauna, ta miƙe, ta ja zanen gadon da ba abin da ya same shi. A ɗakin nan mijinta ya cika, ba inda za ta. Amma a ce mutum ba zai sosa bayansa ba sai da ɗan kallo?

"In cire ɗankwali, ubanka na ƙirga furfurata a waya?"

"Ni mijinki ma ban so gani ba, balle shi." Sai ya sassauta murya. "Kaka, kin daɗe a ƙasa kafin a ji ki. In na koma da kwalin nan, gobe mota ce za ta zo."

Ta harare shi, ta harari kwalin.

"Kafa shi a baranda, ya kalli ƙofa. Ban da gadona."

"In kika faɗi a ciki fa?"

"Sai in rarrafo waje in sake faɗuwa, yadda ubanka zai gani da kyau."

Dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki.

"Kin ci, tsohuwa. Baranda ɗin."