Yadda Ake Hawan Babur Ɗin Tsere Kullum Ba Tare da An Amsa Kuskure Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan ka haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunka, zuciyarka kuma ta fara raya maka cewa abin da ya rage maka a duniya shi ne ƙaramin babur ɗin tsere, irin mai jan fenti da tsinin hanci, to ka zo inda ya dace. Ni malamin makaranta ne, wata biyar ke nan ina hawan irinsa kullum, daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa kasuwa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba mahalukin da zai ji ka furta "na yi kuskure" da bakinka. Gani kam kowa zai gani, wannan ba makawa. Amma ji, ba za su ji ba.

Mataki na 1: Nemo dalilin da ba shi ne dalilin ba

Dalilin gaskiya ka ɓoye shi. Nawa dai a gidan mai ya same ni. Ina kan layi a kan tsohon babur ɗina mai kwando da kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya a baya, wani matashi ya tsaya a bayana a kan irin na tseren, ya ɗaga gilashin hular kwanonsa ya ce, "Baba, ɗan matsa gaba." Baba! Ni da ko jika ban yi ba. Kwana uku ina jin kalmar nan a kunnena.

A gaban mutane kuwa ka ce sabon ba ya shan mai. Mai shagon babura zai kama maka: "Yallaɓai, wannan ai na masu fara koyo ne. Injinsa ƙarami, ba shi da fushi, ana zuwa aiki da shi kamar kowane babur." Hau shi a cikin shagon, yana tsaye, minti biyu, ka kalli kanka a gilashin ƙofa. Kada ka tambayi yadda minti arba'in yake. Sannan a ranar, kafin hankalinka ya dawo, ka sayar wa maƙwabcinka mai walda tsohon babur ɗinka. Gwani ba ya barin hanyar komawa baya.

Mataki na 2: Amsa tambayoyin gida da kalmomin injiniyoyi

Uwar 'ya'yanka za ta fito da ludayi a hannu, ta zagaya babur ɗin sau biyu. Wannan zagayen ya fi zagi, ka daure.

"Malam, ina kariyar?"

Ka ce kariya tana tare iska.

"To ranar Alhamis Inna a ina za ta zauna?"

Nan ne wurin. Inna mahaifiyata ce, tana zaune tare da mu, tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Duk Alhamis ta biyu ni nake goya ta zuwa asibiti, a auna ta, a buga mata hatimi a kati, a ba ta maganin mako biyu. Shekara shida muna haka. Motocin haya a tsallaken babban titi suke sauke mutane, ita kuwa Inna ba ta iya tsallake titin nan, ni nake kai ta har bakin ƙofar ɗakin awo.

Kai ma kana da irin taka Alhamis ɗin, na sani. To ka nuna wurin zaman baya da yatsa, ka ce, "Ga kujera nan." Kada ka dubi kujerar da kyau. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba, kuma tana can sama, ta fi ta direba tsawo, kamar an yi ta don tsuntsu.

Mataki na 3: Koyi zaman, ka kira shi salo

Wannan babur ba zama ake yi a kansa ba, kifewa ake yi. Hannu a ƙasa, ƙafa a baya, tumbi a kan tanki, wuya a ɗage kana leƙen hanya. Mai shago bai yi ƙarya ba, injin ba shi da fushi. Ƙugunka ne zai yi fushin.

Giya shida gare shi. Ni dai har yau ban taɓa ganin ta huɗu ba, don tsakanin gidana da makaranta akwai tudun rage gudu goma sha huɗu, da kwanar masu kayan miya, da cunkoson bakin tasha. A cunkoson nan injin zai gasa maka ƙwauri, hannun kuloci ya ƙage maka yatsu, mai burodi a kan keke ya wuce ka yana fito. Kada ka karaya. Murɗa totur a tsaye, salansa ta yi ƙara, kowa ya san cewa da akwai hanya da ka nuna musu.

In ka isa ofishin malamai, kada ka miƙe lokaci ɗaya, ba zai yiwu ba. Yi kamar kana duba taya, ka riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan. A sallah ruku'u zai zo maka da sauƙi, ka riga ka yi atisayensa tun safe. Ɗagowar ce sai addu'a.

Mataki na 4: Kaya

Masana sun ce mai babur ɗin tsere ba ya ɗaukar kaya. Masanan nan ba su da iyali.

Littattafan ɗalibai sittin ka zuba a jakar goyo, su danne ka a kan tanki, ka ce suna taimaka wa zaman. Cefane ka rataya a madubi, hagu da dama, ka daidaita nauyi. Ledar da ta yi tsawo za ta taɓa salansa ta narke, tumatir ya bi titi ɗaya bayan ɗaya, mutanen kirki su riƙa kiran ka, "Malam, kayanka!" Kada ka waiwaya, wuyan ma ba zai juyu ba. Ƙwai kuwa ka cire shi daga abincin gidanka, ka ce likita ya hana.

Ranar ruwan sama tayar baya za ta zana maka layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya. Ka koyar da darasin ranar kana fuskantar aji, kada ka kuskura ka juya ga allo.

Mataki na 5: Alhamis ta farko

Ka shirya da wuri, ka fito da 'yar kujerar tsugunno daga kicin ka ajiye a gefen babur. Uwar 'ya'yanka ta riƙe Inna ta hagu, kai ka riƙe babur ɗin da ƙafa biyu. Inna ta gyara mayafi, ta taka kujera, ta ɗora ƙafa a kan ɗan ƙarfen takawa, ta yunƙura. Gwiwa ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, na ji numfashinta a bayana. Sai ta sauko a hankali, ta zauna a kan 'yar kujerar tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Babana, bar shi," in ji ta, don sunan mahaifinta aka sa mini. "Jeka aikinka kada ka makara. Matar gidan can ma asibitin take zuwa, sai mu bi mota tare."

Ga darasi: idan aka miƙo maka mafita, kada ka tsaya bincike. Ka ce, "To Inna, a dawo lafiya," ka tayar da babur, ka bar unguwar da ƙara.

Mataki na 6: Yarda da duk abin da ya yi maka daɗi

Da yamma ka leƙa ɗakinta daga bakin ƙofa. "Inna, an je?"

"An je, Babana."

"Me suka ce?"

"Sun ce da sauƙi."

Shi ke nan, ka gama aikinka na ɗa. Kada ka ce ta nuna maka kati. Kada ka tambayi wace matar gidan can, ko ta yaya tsofaffi biyu suka tsallake titin da matasa ma sai sun yi gudu. Lokacin da ka samu, ka kashe shi a tsakar gida da bokiti da soso, kana wanke babur har cikin ƙafafun taya da tsohon buroshin haƙori. Inna za ta zauna a kan tabarma tana kallon ka tana murmushi. Ka ɗauka babur ɗin take yabawa.

Ni Alhamis uku na yi a kan wannan mataki, kuma wallahi barcina nake yi lafiya.

Mataki na 7: Idan asiri ya tonu, nemi wanda za ka ɗora wa

Wata Laraba na dawo daga aiki na tarar da Inna a kwance, an jiƙa tsumma an ɗora mata a goshi. Jiri ne ya ɗebe ta wajen shanya, Allah ya sa igiyar ta kama. Uwar 'ya'yana ta ja ni kicin, ta miƙo mini katin asibiti da ta ciro daga ƙarƙashin matashin Inna. Gurbi uku babu hatimi. Ta buɗe ɗayan hannun, sai ga ƙwayoyin magani an raba kowace biyu da wuƙa, wasu har huɗu.

"Inna fita take yi da mayafinta ta zauna a gidan maƙwabta har azahar, ta dawo," ta ce. "Ni ma yau na sani. Maganin mako biyu ta ja shi har yanzu."

A ƙa'ida, nan za ka ɗora wa matarka laifin rashin lura, ko masu titi, ko kamfanin da ya ƙera kujerar. Na buɗe baki zan fara, ta dube ni, na rufe.

Na shiga na durƙusa a gefen gadon. "Inna, don Allah me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ga kana murna da abinka," ta ce. "Tun kana yaro ban taɓa ganin ka wanke wani abu da kanka haka ba. Na ce bari in bar ka ka ɗan ji daɗi."

Kunya na ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na zama mutum. Ga ni da furfura a gemu, tsohuwa tana yanka maganinta da wuƙa don kada ta ɓata mini wasa.

Mataki na 8: Koma wurin mai walda, amma da dabara

Kada ka fara da roƙo. Ka ce ka zo ne ya haɗa maka kariya da matakala a jikin na tseren. Zai ɗaga baƙin gilashinsa, ya dubi babur ɗin, ya dube ka, ya yi dariya har ya zauna a kan buhun gawayi. "Malam, duk jikinsa roba ne. A ina zan ɗora wuta?"

Sai ka sauke murya ka ce ya mayar maka da tsohon. Zai ƙi. Da shi yake ɗauko rodi, da shi yake kai 'ya'yansa huɗu makaranta a sahu ɗaya. Amma ka lura da idonsa, tun da ka shigo bai bar kan jan fentin nan ba. Mutumin ya girme ni da shekara goma, ya kuma fi ni tumbi, ashe shi ma cutar tana cin sa. Muka daidaita: duk Alhamis ɗin asibiti mu yi musayar makulli, daga safe zuwa yamma.

Washegari Inna ta hau tsohon babur ba kujera ba mataimaki, ta zauna a karkace yadda ta saba, ta dafa kafaɗata. Likita ya duba awon, ya duba katin, ya wanke ni tas a gaban mutane. Inna ta ce masa, "Ɗana ba shi da laifi, ayyuka ne suka yi masa yawa." Da ta bar shi ya ci gaba da faɗan da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa, muna tafe a hankali tana ba ni labarin jikokin ƙanwarta, sai ga wani jan abu ya wuce mu da ƙara, mutum a kife a kai, riga ta tattare, tumbi na dukan tanki. Inna ta matse kafaɗata.

"Allah sarki! Babana, wancan dattijon lafiya kuwa? Wa ya yi masa haka?"

Na ce ban san shi ba.

Tun kafin la'asar mai walda ya turo babur ɗin har ƙofar gida, hannu ɗaya a ƙugu. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Malam, Alhamis kaɗai muka ce, ko? To kada ka ƙara mini ko yini ɗaya."

Ka ga ke nan har yanzu nawa ne, kwana goma sha uku cikin sha huɗu. Kuma ka lura, har wa yau ban furta kalmar nan da na yi maka alkawari a kanta ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ya wanke hannunsa daga duk abin da zai biyo baya: ciwon ƙugu, ƙagewar wuya, ƙonewar ƙwauri, tumatirin da ya bi titi, da dariyar ɗalibai. Wanda ya bi shawarar mutumin da ba ya iya miƙewa tsaye sai ya yi kamar yana duba taya, shi ya jiyo. Mataki na shida ne kaɗai nake roƙon ka tsallake. Tashi yanzu ka shiga ɗakin tsohuwarka, ka ce ta ba ka katin, ka buɗe da hannunka ka duba.