Dokin Kawu Ya Shiga Harkar Jiragen Sama

"Ka ce ya tare hanya. Hanyar wa?"

"Hanyar jirgi, Ntate Ralejoe."

"Wane jirgin, Phafoli? Wanda ya sauka shekarar da aka haifi ɗanka, ɗan da yanzu yake aske gemu?"

Kawuna Ralejoe ke nan da Phafoli, mai gadin filin jirgin ƙauyenmu, ran Litinin da safe. A wajenmu Ntate ake ce wa dattijo. Ina tsaye gefe cikin bargona. Ba a tambaye ni ba. An kama dokin Kawu yana kiwo a kan titin saukar jirgi, an ɗaure shi a turken hukuma.

Masu karatu, ku yi wa dokin nan adalci. Duk tsaunin nan filin ne kaɗai shimfiɗaɗɗe, ciyawarsa har gwiwa. Kamfanonin jirgi kuwa mun gansu iri-iri. An yi Mikiyar Tsauni, ta mutu. An yi Shaho, ya tashi sau ɗaya, ya tafi gyara ƙetare, har yau ana gyara. An yi wani da bai kai ga sayen jirgi ba, amma ya ɗinka wa ma'aikata riguna masu kyau. Allah ya saka wa manyanmu. Ba kowa ke iya binne kamfanoni haka ba tare da ko taya ta fashe ba.

Damuwar ita ce Inna Mamosa, matar Kawu. Ran Alhamis take zuwa asibitin bayan dutse karɓar maganin hawan jini, ƙafafunta kuma sun daina hawa. Dokin nan shi ne motarta.

"Sake shi zuwa Alhamis," in ji Kawu. "Juma'a ka sake kama abinka."

"Ba a hannuna yake ba. Magana ta tafi birni."

"Da ƙafa?"

Phafoli bai yi dariya ba.

Ran Laraba Mai Girma Uban Sararin Samaniya, wato babban mai kula da harkar jiragen sama, ya zo ƙaddamar da sabon kamfani. Da jirgi mai saukar ungulu ya zo, na haya daga maƙwabta. Na sabon kamfanin yana hanya. Aka yanka ƙyalle, aka yanka tunkiya, aka ci papa, tuwon masararmu, da nama. Ya ce baɗi war haka za mu karya a gida, mu ci abincin rana a Maseru, babban birni. Muka yi tafi, saboda sanyi.

To, kun san halinmu. Babban baƙo ba ya tafiya sai an yafa masa bargo, an ɗora masa malfa, an miƙa masa linzamin doki. Kwamiti ya tanadi bargo da malfa. Doki aka manta. Shugaban kwamiti ya waiga, ya hango ɗaya a turke, ƙosasshe da ciyawar gwamnati.

Na ji ƙarar haƙoran Kawu.

Mai Girma ya hau, aka ɗauki hoto, ya sauka. Sai aka lura doki ba ya shiga jirgi. Nan aka nuna mana amfanin ilimi. Mai Girma ya ce a ba wani dattijo amintacce riƙo, ya nuna Kawu. Dokin ya zama kadarar kamfani: ya yi kiwo a filin yadda ya ga dama, amma ba mai hawansa sai da izini a rubuce daga birni. Phafoli zai sa ido.

"Ka ga an dawo maka da shi," in ji Phafoli. "Sai ka gode."

"Na gode, ɗan'uwa. Allah ya ba ka irinsa."

Ran Alhamis da sassafe Inna ta fito, ta soke bargonta da fil, sanda a hannu. Ta dubi dokin yana ci. Ta dubi dutsen.

"Ya ci, ya sha, bai ɗauki kowa ba," ta ce. "Lallai ya zama kamfanin jirgi."

Sai ta juyo kaina. Ni ne mai takardar sakandare a gidan.

"Kai Lefu, kai ka yi karatu. Izinin nan, wa zai je birni ya karɓo, kuma me zai hau?"