Ramin Gafiya a Hanyar Giwaye

A wani daji, Toron Giwa ya kai ƙarar Gafiya majalisar dabbobi, wai raminta na kan hanyar tafki, ya yi tuntuɓe da shi. Ya nemi a cike ramin, ita da 'ya'yanta bakwai su san inda za su nufa, ga damina ta kawo jiki.

Burtu alƙali ya ba su mako guda su shirya.

Tsoro ya kama Gafiya, ba ƙarya. Kullum da hantsi sai ta hau jiɓa, ta kumbura murya ta zama Toro, ta zazzage wa kanta laifi tas. Sannan ta sauko ta ba da amsa. Maƙwabta suka ce ta zautu. Rana ta uku, Toron da ke bakinta ya kayar da ita: lallai bakin ramin tarko ne ga mai wucewa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ta toshe bakin ramin, ta fasa sabuwar ƙofa a gindin tsamiya.

Shi ma Toro ya yi nasa shirin. Yakan tara fadawansa ya yi jawabi, su ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!"

Ranar zama, Toro ya ce, "Ni babba ne, na yi tuntuɓe. A cike ramin." Ya zauna.

Gafiya ta durƙusa. "Allah ya gafarta malam, mai girma ya rage wa kansa hujja. Ba shi kaɗai ke bin hanyar ba. Ɗan barewa zai iya karya ƙafa, kuma in ruwa ya sauka ƙasar wurin zaftarewa take yi."

Toro ya kaɗa kunne don daɗi, ya ce ashe yarinyar tana da hankali.

"Shi ya sa na toshe wancan bakin kwana huɗu ke nan," in ji ta. "A aika a duba. Saura tambaya ɗaya: ramin ne ya je hanya, ko hanyar ce ta karkato neman inuwar tsamiyata?"

Aka aika Zomo, ya dawo ya ce babu rami a hanya.

Burtu ya dubi Toro. "Ta faɗi taka fiye da kai. To, faɗi tata mu ji."

Toro bai taɓa zaton tana da tata ba. Ya waiwayi fadawansa neman agaji.

Suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!"

Aka bar wa Gafiya gidanta, ta koma tana ta murna har da hawaye.

Toro kuwa ya ɗauki darasi. Washegari ya naɗa Damo Sarkin Musu, da rawani da maroƙi, aikinsa ya riƙa ja da shi kowace safiya. Sharaɗi ɗaya kawai aka gindaya masa, kada ya kuskura ya yi nasara.